Zauren Zazzau: ciwon da ke farawa daga ƙafa yana hawowa

Ƙaramin Likita, Samaru:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na kusa gama bautar ƙasa, zuciyata kuma ta karkata ga fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jijiyoyin hannu da ƙafa, irin Guillain-Barré mai tsananta cikin kwanaki da ɗan'uwansa CIDP mai daɗewa. So nake in haɗa da bincike. In tsaya asibitin koyarwa na Shika ne ko in nemi waje? Aikin wa kuma ya kamata in fara karantawa?

Baban Walid, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ka fara cin jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa tukuna, ko ta kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Sai ka bi ta likitancin manya kafin ka isa jijiyoyi.

Anti Rabi, Gyallesu:
Ɗana, da na ga sunan Guillain-Barré ɗin nan sai da gabana ya faɗi. Ƙanina ne ya yi shi. Gudawa ya yi ta kwana uku ta wuce, kowa ya manta. Bayan kamar kwana 10 ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a yatsun ƙafarsa. Kashegari ya idar da sallar asuba ya kasa miƙewa daga kan darduma. Muka kai shi wani asibitin kuɗi, ba zan kama suna ba, aka ce zazzaɓin sauro ne da taifod, aka ɗaura ruwa, aka yi allurai, aka sallame mu. Ba wanda ya ce ya ɗaga ƙafa a gani. A gida kuma dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce iska, aka shiga hayaƙi. Ciwon yana ta hawowa, daga gwiwa zuwa cinya, har hannu ya kasa riƙe kofi. Ran kwana na biyar ya ƙware da kunu. Allah Ya haɗa mu da wata yarinya likita a babban asibiti, ta ɗauko 'yar gudumar roba ta buga masa gwiwa, ƙafa ko motsi. Ta ce ya ja numfashi ya ƙirga zuwa 20, ya tsaya a 9. A daren aka sa masa na'urar numfashi, mako uku yana kanta. Idonsa biyu, yana jin duk abin da ake faɗa, magana ce ba hali. Maganin da ake kira IVIG, sinadarin garkuwa da ake ɗaurawa ta jijiyar jini, sai da muka sayar da gonar gado kafin mu haɗa shi. Wata takwas kafin ya taka da sanda. Yanzu alhamdulillahi yana tuƙa babur ɗinsa, sai dai ƙafar hagu tana ɗan ja. Kwana biyar ɗin nan da muka ɓata har yau suna ci mini rai.

Malam na Kwarbai:
Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma Hajiya a daina ɗora wa addu'a laifi.

Anti Rabi, Gyallesu:
Malam, ni ban raina addu'a ba, a bakin gadonsa muka sauke Alƙur'ani. Zaman gida da mutumin da numfashinsa ke ƙarewa nake kuka da shi.

Malam na Kwarbai:
To haka ne. A nemi magani, a yi addu'a.

Baba Likita, Kongo:
Yaro, labarin Rabi ya fi maka lacca goma, ka sake karanta shi. A 1916 Guillain da Barré da Strohl suka bayyana ciwon a jikin sojojin Faransa biyu, suka ga furotin ya hau a ruwan ƙashin baya alhali ƙwayoyin halitta ba su ƙaru ba. Har gobe da wannan gwajin muke aiki. Ka nemi aikin Richard Hughes na Landan: shi da abokan aikinsa suka nuna cewa sitiroyid ba ya amfanar mai Guillain-Barré, abin da wasu har yanzu suke ɗirka wa marasa lafiya. A CIDP kuwa yana aiki, shi ya sa bambancewa ke da muhimmanci: na farko yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin mako 4, na biyu ya wuce mako 8 yana ci gaba ko yana dawowa. Peter Dyck na asibitin Mayo a Amurka ya fayyace CIDP a 1975. Gwajin da ya kafa IVIG a Holan aka yi shi, 1992. Sannan Yuki na Japan, wanda ya nuna yadda fatar ƙwayar Campylobacter mai sa gudawa ke kama da wani sinadari na jikin jijiya, garkuwa ta tashi kashe baƙo ta haɗa da ɗan gida. Gudawar ƙanin Rabi ke nan, mai yiwuwa. Kada kuma ka tsallake namu, Farfesa Osuntokun na Ibadan. Nasa ba na garkuwa ba ne, lalacewar jijiya ce daga gubar rogo, amma a wurinsa za ka koyi yadda ake bincike a ƙauye da kayan aiki kaɗan.

Ɗan Fagge:
Campylobacter ba a naman kajin da bai dahu ba ake samunta? Zage-zagi an taɓo ku, a rage gaggawa a gaban mai gashi 😄 Ɗan'uwa taho Kano kawai.

Baban Walid, Tudun Wada:
Bakano, likitocin naku na farko ina suka yi karatu in ba nan ba?

Ɗan Fagge:
An ji, malamanmu.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Ku bar wasa. Baba, IVIG nawa ake ba mutum ne har ya ci gona?

Baba Likita, Kongo:
Giram 2 a kowane kilo na nauyinsa, a raba kwana biyar. Mai kilo 60 giram 120 ke nan, kuma daga jinin dubban masu bayarwa ake tace shi, daga waje ake shigo da shi. Ɗaya hanyar ita ce canjin ruwan jini da na'ura, amfaninsu kusan ɗaya. A Bangaladesh sun gwada yin canjin kaɗan-kaɗan ba tare da babbar na'ura ba saboda talakawa. Irin tambayar da nake so yaron nan ya ɗauka ke nan.

Jami'in Sa-ido, Giwa:
Dakta, ga shawara kyauta. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya muna ɗaukar kashinsa sau biyu a tura Ibadan ko Maiduguri saboda shan inna. Tun 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali da ake kira ta daji, amma sa-idon bai tsaya ba. Da yawa sakamako na dawowa ba shan inna ba, daga nan fayil ya rufe. A cikinsu akwai masu Guillain-Barré. Wa ke bin su ya ga ko sun taka?

Ƙaramin Likita, Samaru:
Yallaɓai wannan ta shige ni. Ta wace hanya ake neman izinin duba bayanan?

Mai Kemis, Kwangila:
A dai yi hattara, kada kowa ya ji ƙafa ta yi sanyi ya ce shi ne. Mafi yawan masu zuwa mini da zafin tafin ƙafa masu ciwon suga ne. Wanda ya daɗe kan maganin suga na metformin a duba masa bitamin B12. Mai shan maganin tarin fuka a haɗa masa da B6. Fari a fata da ba ya jin taɓi kuma, asibitin kuturta na Saye za a nufa.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Surukata shekara biyu ke nan tana cewa kamar tana taka garwashi da dare. Wanne ne nata?

Mai Kemis, Kwangila:
A gwada sugarta da safe kafin ta karya, sannan ta ga likita.

Anti Rabi, Gyallesu:
Ɗana, duk inda ka je karatu ka dawo mana. Kuma ku koya wa na asibitocin unguwa buga gwiwar nan, gudumar ba ta kai kuɗin ledar ruwa uku ba.

Baba Likita, Kongo:
Waje zai je dole don ya iya gwajin gudun saƙo a jijiya sosai, shekara ɗaya ko biyu. Amma marasa lafiyar suna nan. Ka same ni bayan la'asar ranar Asabar, ka zo da littafin rubutu.

Ɗan Fagge:
Baba a taho da shi Kano dai.