Na yi digiri ina tsaron shago a Kwari, har na koma gudun abokan karatuna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 28, na karanta tattalin arziki a jami'a, na yi bautar ƙasa lokacin alawi yana dubu 33, na dawo gida Kano. Takardun neman aiki kam na rarraba har na gaji, shiru kake ji. Da zaman ya ishe ni sai kawuna ya ce in riƙa zuwa shagonsa a Kantin Kwari. Yanzu can nake, ina auna shadda, ina sauke turamen atamfa, ina rubuta bashi. Kullum yana ba ni na mota da na abinci, ranar da kasuwa ta yi kyau ya ƙara min wani abu. Ba ni da ƙorafi a kansa, wallahi yana riƙe ni da mutunci.

Matsalar a zuciyata take. Da na hango wanda muka yi karatu tare ya shigo layinmu, sai in ce zan zaga, in laɓe bayan kaya har ya wuce. Ɗaurin aure na daina zuwa saboda tambayar nan ta “yanzu kana ina?” Majalisar unguwa ma na ƙaurace mata. Akwai yarinyar da nake so, ita ma tana so na, amma da kaina na janye tun kafin a ce in turo. Da daddare ba abin da nake yi sai kallon status ɗin mutane: wane yana banki, wane yana Abuja, wane ya tafi Ingila ƙarin karatu. A makaranta ni ake turawa gaba in an ba mu aikin rukuni, amma yau ko kwastoma ce ta yi min tayin wulaƙanci sai bakina ya mutu, in sallama mata a kan faɗuwa, kawu ya dawo ya yi ta faɗa.

Yaya mutum zai yi ya dawo da yarda da kansa? Don Allah kada a ce in yi haƙuri kawai, wannan na sha ji.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Abokina, ni ma a kasuwar nake, kuma gaskiya ka ɗan ɓata min rai. Sana'ar da muke ci da iyayenmu a cikinta ce kake ɓuya don kada a gan ka a kai? Mutane suna tasowa daga Nijar da Chadi da Kamaru su yi sari a inda kake jin kunyar tsayawa. Ka ɗaga kai ka dubi layinku, masu digiri nawa ne a teburi da shaguna? Wasunsu su suke ba abokansu na ofis rance in wata ya yi nisa. Ba kasuwa ce ta rage maka daraja ba, kai ne ka shigo da raini a ranka, shi ya sa ko farashi ba ka iya riƙewa.

Maman 'yan biyu: Haba Ɗan Kwari, mutum ya kawo kukansa sai ka ƙara masa da faɗa? Ai bai ce sana'ar banza ba ce, cewa ya yi zuciyarsa ta karye. A yi masa a hankali.

Malamin Islamiyya: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Ba zan ce ka yi haƙuri ka zauna ba, don addini ma bai ce haka ba. A cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Ya kuma ce a harkar duniya mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Kai kuwa kullum kafin ka kwanta sai ka yi akasin wannan da wayarka, ka ga ba mamaki gari ya waye maka da nauyi. Sannan ka tuna Abdurrahman ɗan Aufu. Ya isa Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Kai an riga an nuna maka.

Mai Keke: Ai ko Dangote digiri ya yi a Azhar ta Masar, ya dawo yana sayar da shinkafa da sukari da siminti. Dubi inda yake yau.

Injiniya ba aiki: Don Allah a daina kawo mana Dangote a irin wannan magana. Mahaifiyarsa 'yar Sanusi Dantata ce, jikar Alhassan Dantata, gidan da ya yi suna da dukiya tun zamanin fataucin goro da gyaɗa. Jarin da ya fara da shi daga gida ya fito. In ka gwada mutum da shi ba ƙarfin gwiwa ka ba shi ba, wani abin auna kai ka ƙara masa, alhali auna kan ne ciwonsa.

Baba na Kakuri: Ɗana, zo in ba ka nawa, ko da zai yi tsawo. Ni ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, lokacin da Kakuri take Kakuri. In an tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna da mutane. Har shugaban sashe na zama, ina da yara a ƙarƙashina. Da masaƙun suka fara durƙushewa bayan shekarar 2000, tamu ma aka rufe, muka dawo gida da iyali da kuɗin haya a wuya. Ƙarshe dai tebur na kafa a bakin titi ina sayar da omo da sabulu da ashana.

Abin da kake yi na yi shi. In na hango yaron da ya yi aiki a ƙarƙashina sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙasan tebur. Abin da na lura da shi, duk ranar da na ɓuya, washegari ɓuyan ya fi zama dole, kuma mutanen da nake gudu suna ƙaruwa. Da farko abokan aiki ne, daga baya har surukaina. Kunya irin wannan ɓuya ne abincinta.

Ba wata dabara ce ta raba ni da ita ba. Wata rana wani tsohon yarona ya rutsa ni, babu hanyar gudu, sai kawai na riga shi magana. Na ce wane, ka gan ni nan, nan nake yanzu, me za a ba ka? Ya tsuguna ya gaishe ni yadda ya saba, ya sayi sabulu, muka yi ta jajanta wa juna, don ashe shi ma acaɓa yake yi. Ni ina ta dakon abin da zai ce, shi kuwa tasa ta ishe shi.

To ga shawarata. Kada ka zauna jiran ranar da za ka ji ƙarfin zuciya sannan ka fita, ba ta zuwa a haka. Fitar ake fara yi, ƙafa tana rawa, ƙarfin ya biyo baya. Ka tanadi amsarka tun daga gida, gajeriya, ba kame-kame: “Ina Kwari, harkar shadda da atamfa, ga lambata in za ka yi ɗinkin Sallah.” Kada ka ƙara da “kafin dai a samu wani abu”, wannan jelar ita take nuna wa mutum cewa kai ma ka raina abin. Ka fara da mutum ɗaya wanda ka san ba shi da baki, ka kira shi ka ce ya biyo ta shago. Ɗaurin aure na gaba ka je, ko a baya ka tsaya, a shafa fatiha ka gaisa da ango ka tafi. Ya isa na ranar.

Malamar jinya: Ƙanena, duk abin da Baba ya faɗa na yarda da shi, amma ina da tambaya. Yaya barcinka? Yaya cin abinci? Abubuwan da da suke ba ka nishaɗi, kamar kallon ƙwallo ko hira, har yanzu kana jin daɗinsu? Na tambaya ne don janyewa daga mutane da ganin kai ba a bakin komai ba, in suka haɗu da rashin barci ko yawansa, da kasala, da baƙin ciki kusan kullum har mako biyu ko fiye, to yana iya zama ciwon damuwa. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Ana jin sauƙi da zama da ƙwararre a tattauna, wani lokaci a haɗa da magani. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani na kusa, ku je asibiti a ranar. Kuma don Allah kada wani ya ba ka ƙwaya ko sirof wai don ka daina jin kunyar mutane, mun ga inda wannan hanyar take kai samari.

Anti ta Gwammaja: Ni maganar yarinyar ce ta tsaya min. Ka yanke mata hukunci ba ka tambaye ta ba. Wa ya ce maka ma'aikacin banki take jira? Wataƙila tana can tana zaton wani laifi ta yi maka. In har ba a yi mata miji ba, ka je ka faɗa mata gaskiyar inda kake da abin da kake samu, ta zaɓa da kanta. In ta ce a'a, ka san matsayinka. Iyaye da yawa ɗan kasuwa mai fita kullum ya fi kwanta musu a rai a kan mai takarda a jaka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Ɗan Kwari, maganarka ta yi zafi amma na ɗauka. Anti malamar jinya, abinci ina ci, ƙwallo ma ina kallo, barcin ne dai ba na samu da wuri, kuma ina ganin wayar ce. Tunanin mutuwa bai taɓa zuwa min ba, alhamdulillah, amma in abin ya ƙi sauƙi zan je. Baba, Allah ya ƙara girma, akwai ɗaurin auren wani ɗan ajinmu bayan sallar Juma'a, zan gwada. Abin da ya rage min shi ne maganar farashi, don nan ne kawu yake ganin kamar ban damu da dukiyarsa ba.

Hajiya mai sari: Ɗana, wannan mai sauƙi ne, kuma ni irin kwastomomin da kake tsoro ce, don haka ka saurara. Mu da mun shigo shago fuskar yaro muke fara karantawa. In ya faɗi kuɗi yana kallon ƙasa, mun san akwai sauran ragi. Yawanci kuma ba tsoro ne yake sa haka ba, rashin sanin kayan ne. Ka zauna da kawunka ya faɗa maka nawa kowane turmi da kowane yadi ya zo, har da kuɗin dako, da iyakar inda za a iya sauka. Ka rubuta a ɗan littafi ka haddace. Ka koyi bambance shadda da hannu, ka san atamfar da take zuba da wadda ba ta zuba. In an yi maka tayin da bai kai ba, ka ce “albarka Hajiya” da fara'a, ka yi shiru. Kada ka cika shirun da bayani, ka bar ta ita ta ƙara. In ta fita, ta fita, da yawa zagayawa muke mu dawo.

Sannan karatunka yana da wurin zama a shagon nan. Yawancin shagunan da nake sari littafin bashinsu a hargitse yake, ba a san kayan da suke tafiya da waɗanda suka kwanta ba. Ka gyara masa lissafin wata guda ka ajiye masa a gabansa, ka nuna masa zanen da ya daɗe yana cin jari a kan kanta. Wayar da take hana ka barci kuma ka riƙa ɗaukar hoton sabbin kaya da ita kana sa wa a status, mu matan gida a nan muke zaɓa. Bayan ya ga amfanin haka, sai ka sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban yara ba, ka roƙe shi ya yanka maka la'ada a kan duk cinikin da ka kawo ta waya. Ka yi wannan kafin azumi, don da an shiga hidimar kayan Sallah ba zai sami sukunin sauraronka ba.