Wace kalma za mu ba confidentiality da Hausa?

Salam 'yan uwa malamai, musamman mu da ke koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ina rubuta 'yar takarda ce da Hausa don iyaye da sabbin malamanmu kan ɗa'ar aiki, irin abin da ke cikin kundin TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, komai na tafiya daidai sai da na zo kan confidentiality, wato kada malami ya fitar da abin da ya sani game da ɗalibi ga wanda bai dace ba, na cije. Tun shekaranjiya nake juya ta.

Wani babban malaminmu da ya yi karatu a kwalejin horar da malaman yara masu buƙata ta musamman da ke Oyo ya ce in sa "rufin asiri" kawai, ai kowa ya san ta. Malam, a yi min afuwa, ban gamsu ba. Asiri ana rufa shi ne inda akwai abin kunya ko talauci. In na ce wa uwa zan rufa asirin ɗanta kurma, kamar na ce mata kurumtar abin kunya ce, kuma wannan tunanin ne fa ya sa har yau ake tura yaran nan ƙuryar ɗaki in an yi baƙi.

Wata 'yar uwa ta turo "riƙe sirri". Ta fi, Malama, amma rabi ta ɗauko. Gaskiya akwai sirri a ciki, na gani da idona: wani malami ya faɗa a gaban aji cewa wani yaro na da farfaɗiya, washegari da aka fita tara ba wanda ya yarda ya sa hannu a kwanonsa, wai yawunsa zai shafe su, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta haka, yaron nan sai da ya yi sati biyu bai zo ba. Haka masu ɗaukar bidiyon yara su ɗora a TikTok wai neman taimako, ba su tambayi iyaye ba balle yaron.

To amma in yarinya ta gaya min da maganar hannu cewa wani na taɓa ta a hanyar gida fa? "Riƙe sirri" cewa zai yi in ja bakina. Aikin kuma cewa ya yi in kai maganar wurin wanda zai kare ta, shi kaɗai, ba ofis ɗin malamai ba.

Shi ya sa zuciyata ta kwanta da amana. Wanda aka ba amana ba ya yawo da ita, kuma ya san ranar da zai miƙa ta ga mai haƙƙi. Wanda ya saki baki ma muna da sunan abin da ya yi tuntuni, ya ci amana, ba sai an yi wa kowace uwa bayani ba.

Na rubuta "amanar bayanan ɗalibi". Ta ɗan yi tsawo, na sani, mai gajeriya ya taimaka min. Ranar Asabar akwai taron iyaye, zan karanta musu in ji yadda za ta zauna a kunnensu.