Kajina suna ƙarewa duk hunturu, yanzu kuma ƙwai ya tsaya, don Allah a taimaka min da shawara

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen masu kiwon kajin Hausa, irin namu na tsakar gida ba na gidan gona ba. Shekara uku kenan ina kiwo a bayan ɗakina, akwai ɗan fili da maigidan ya zagaye min da langa-langa na sa aka yi min akurki ɗaya na bulo. To duk shekara da sanyin hunturu ya shigo sai cuta ta zo ta kwashe su, bara guda 23 gare ni manya da ƙanana wallahi cikin sati biyu saura 4. Sai ka ga kaza ta takure ta saki fuka-fukai tana gyangyaɗi, kashinta kore shar da ruwa-ruwa, wasu kuma wuyan ya murɗe suna kallon sama suna juyi kamar masu hajijiya, abin tausayi har yarana sai da suka yi kuka. Kuma abin ya faro ne bayan ƙanena ya sayo min wani jan zakara a kasuwar ƙauye, kwana uku da zuwansa shi ya fara kwanciya. Shin shi ya kawo min ko kuwa iska ce kawai ta lokacin?

Yanzu sun sake taruwa sun kai 14, ga sanyi ya kusa, gabana sai faɗuwa yake. Sannan ga wata matsalar, manyan mata biyar gare ni amma ƙwan ya ja baya sosai, wanda ake yi ma wani bawon laushi kamar leda, ɗaya daga cikinsu kuma ta koyi fasa ƙwai tana shanyewa. Abincinsu dai dusar masara ce da nake karɓowa daga inji ina kwaɓa musu da ruwa, sai ragowar tuwo da ƙanzo, da yamma in watsa musu ɗan hannu na dawa. Ni kajin nan ba ado ba ne a wajena, da su nake biyan kuɗin Islamiyyar yara in kuma yi musu ɗinkin sallah ba sai na jira kowa ba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Mu dai a gidanmu abin da muka taso muka ga ana yi shi ne a daka jan barkono a zuba musu a ruwan sha, ko a jiƙa sassaƙen maɗaci, in abin ya yi tsanani a sayo kafso ɗin nan ja da yalo a kwance a zuba a ruwan. Gwada ki gani. Mai shan ƙwai kuwa yanka ta kawai, ba ta dainawa kuma za ta koya wa sauran.

Malamin Dabbobi:

Hajiya sannu da haƙuri, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Yadda kika kwatanta ɗin nan, koren kashi da sakin fuka-fukai da murɗewar wuya kuma a lokacin hunturu, alamun cutar Niyukasil kenan, ita ce ta fi kowace cuta kashe kajin gida a ƙasar nan. Kuma eh, zakaran nan shi ne babban abin zargi. Kasuwa ita ce mahaɗar cutar, domin da mutum ya ga kajinsa sun fara mutuwa sai ya kwashi sauran da ke kan ƙafarsu ya kai kasuwa da sauri kafin su faɗi, a zuba su keji ɗaya da na wasu, ke kuma ki saya kina ganin lafiyayye alhali yana ɗauke da ita a jiki ba ta bayyana ba tukuna. Takalmi ma yana ɗaukota, da kwandon masu yawon sayen kaji gida-gida, da kajin maƙwabta da ke tsallakowa.

Malam Abu Sadik ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, ba don raini ba. Ƙwayar wannan cuta bairos ce, kafso ja da yalo ba ya taɓa ta ko kaɗan, ƙwayoyin bakteriya yake kashewa. Wadda ta tashi bayan an ba ta barkono ko kafso dama mai tashi ce, ai Hajiya ma 4 sun tsira mata. Kuma maganin yana zama a ƙwai da nama na wasu kwanaki, yara su ci ba a sani ba. Cutar nan ba ta da magani in ta shiga, rigakafi ne kawai, shi kuma kafin ta zo ake yi.

Ki je shagon maganin dabbobi mai firij na gaske ko asibitin dabbobi na gwamnati ki ce rigakafin Lasota kike so, ko kuma I-2 in suna da ita, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato take yi, ita ta fi jure zafi shi ya sa ta fi dacewa da kiwon ƙauye. Ki tafi da fulas da ƙanƙara a ciki, kada ki yarda a miƙo miki kwalba daga kan kanta da rana ta gasa, wannan ruwa ne kawai kika saya. Hanya biyu ake bayarwa. Ko a ɗiga ɗigo ɗaya a idon kowace kaza, wannan ta fi tabbas tunda kajinki ba yawa kin san kowacce ta samu, da daddare ko da asuba kafin a buɗe akurki sai ki riƙa kamowa ɗaya-ɗaya. Ko kuma a ruwan sha, ki hana su ruwa kamar awa biyu da safe su ji ƙishi sannan ki haɗa ki ba su su shanye cikin awa biyu a inuwa, kuma ban da ruwan famfo mai kulorin don yana kashe maganin, ki samu na rijiya mai tsabta a mazubin roba. Abin da ya rage bayan awa biyu ba a ajiyewa.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne lokaci. Jikin kaza yana buƙatar kamar sati biyu kafin rigakafin ya kama, saboda haka a watan Oktoba ake yi kafin iskar ta taso, ba sai an ji kajin maƙwabta sun fara faɗuwa ba, sannan a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4 saboda sababbin 'yan tsaki da ake ƙyanƙyashewa. Kaza mara lafiya ba a yi mata. Duk wata sabuwar kaza da za ta shigo gidan, ko kyauta ce daga surukai, a ware ta sati biyu can nesa da sauran da mazubinta daban. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a bola ko kwata karnuka su ja su yaɗa.

Abu ɗaya kuma da ba na so in bari. In kika ga sun faɗi da yawa a dare ɗaya ba ma alamar ciwo, ko zanko ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi jini-jini, to kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma, don murar tsuntsaye tana kama da wannan kuma ita tana iya kama mutum. Tun da ta fara ɓulla a ƙasar nan, a jihar Kaduna a 2006, take komowa lokaci-lokaci.

Inna Mai Kaji:

'Yata sannu, malam ya gama magana kan cuta ni ta abinci zan yi miki, don na fi shekara talatin ina wannan sana'a. Dusa zalla ba abinci ba ce, cika ciki ce. Da can a ƙauye da muke ba su dusa su yi ƙwai ai yini suke a bayan gari suna tono, ga gara ga tsutsa ga fara ga ɗanyen haki, su suke haɗa wa kansu sauran. Ke kin killace su cikin langa-langa, to duk abin da daji yake ba su ya koma wuyanki.

Ga yadda nake haɗa nawa. Masara ko dawa mudu shida a ɓarza kar a niƙa ta yi laushi, dusa mudu biyu, waken soya mudu biyu. Amma waken nan sai kin soya shi a kasko ba mai har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja kafin a kai inji, ɗanyensa yana hana su narkar da abinci sai ki ga 'yan tsaki sun tsumbure. In waken ya yi tsada ki nemi tunkuza wajen masu ƙuli-ƙuli wadda ba a sa wa gishiri da yaji ba, ki duba kar ta zama mai fumfuna, haka ma masarar, duk hatsin da ya yi fumfuna guba ne ga kaji musamman ƙanana, kar ki ce ai kaji ne komai ci suke. Gishiri ɗan kaɗan ƙwarai, in ya yi yawa kashe su yake. Ganyen zogale kuwa ki shanya a inuwa ki murtsuke ki riƙa barbaɗawa, za ki ga kwaiduwar ta yi ja.

Ƙwai mai laushin bawo kuma jikinta ne ya rasa abin yin bawon. Ki daina zubar da bawon ƙwai, ki bi mai shayin unguwarku ki ce ya riƙa tara miki, ki gasa shi a kasko ki daka ya yi gari-gari yadda ba za su gane ƙwai ne ba, ki zuba a wani ɗan kwano daban su ci iya buƙatarsu. Ƙashi ma in an ƙona an daka yana yi. Mai fasa ƙwan nan kar ki yi saurin yanka ta, yawanci yunwar wannan abin ce ta sa ta fara, ƙwai mai laushi ya fashe ta ɗanɗana ta ji daɗi. Ki gyara abincin, ki sa wajen ƙwan ya zama da duhu da ciyawa mai laushi, ki riƙa kwashewa da wuri. In an yi sati biyu ba ta daina ba to sannan maganar Abu Sadik ta tabbata.

Gara ma kina iya samo musu kyauta. Tsohuwar tukunya za ki cika da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ki yayyafa ruwa ki kifa ta kusa da suri da yamma, washegari ko jibi ki ɗauko ki zazzage musu, ki ga yadda 'yan tsaki ke rububi. Ruwa kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya, kaza mai ƙwai in ta sha ƙishi sai ta tsaya. Ki zuba musu toka da yashi a wani lungu su yi birgima saboda ƙuma da ƙwarkwata, ki share akurki duk sati. Da sanyin nan ki toshe ɓangaren da iska ke bugowa da buhu amma ki bar sama a buɗe, in kika rufe ruf warin kashinsu ma ciwo ne.

Kuma 'yata ki sani kazar Hausa ba leyas ba ce, wato kajin gidan gona masu zuba ƙwai, ƙwai goma zuwa sha biyar take yi ta kwanta kwana 21, ta yi wata biyu ko fi tana yawo da 'ya'ya ba ƙwai. Wataƙila cikin biyar ɗin naki wasu hutu kawai suke. Ni da tsaki sun yi wata ɗaya nake raba su da uwar in sa su a keji, ita ta koma ƙwai da wuri su kuma shirwa ba ta ɗauke min su.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Magana guda zan ƙara bisa ta malam. Kwalbar rigakafin nan yawanci ta kaji ɗari ce ko fiye, ke kuma 14 gare ki, kuma in an buɗe ba ta kwana. Mu a unguwarmu mata ne suka haɗa kai, kowa ta kawo ɗan abin da ya samu a sayo kwalba guda, a sa rana, yaro guda mai hankali ya bi gida-gida da sassafe yana ɗigawa. Kuɗin ya zo da sauƙi, kuma in kajin maƙwabta sun samu naki ma sun ƙara tsira. Sai dai yaron ya riƙa wanke hannu da takalmi tsakanin gida da gida, gidan da kaji ke ciwo kuma kar ya shiga.

Maman Hanifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da Aljanna. Inna wallahi kamar kina gidan, tunda aka yi langa-langar nan ne ƙwan ya fara ja baya ban taɓa haɗa abin ba sai yanzu. Na riga na yi wa mai shayin bakin layinmu magana ya ce in turo yaro gobe. Na kuma gaya wa maƙwabtana mata uku maganar haɗa kuɗin sun yarda, mun ƙirga kajinmu gaba ɗaya sun kai 60. Malam tambaya ɗaya ta rage, akwai wadda take kwanci yanzu saura kamar kwana shida ta ƙyanƙyashe, ita ma a ɗiga mata? 'Yan tsakin kuma sai sun kai kwana nawa?

Malamin Dabbobi:

A ɗiga mata Hajiya, ba ya taɓa ƙwan, ki dai kama ta a hankali da daddare ki mayar da ita kan ƙwanta nan take. Tsakin in sun yi sati ɗaya zuwa biyu sai a yi musu, ɗigo ɗaya kamar na manya ba a ragewa, ki riƙe kan har sai kin ga ta ƙifta ɗigon ya shige kafin ki sake ta. Tunda kwalbar farko za ta wuce su, ki ji ko akwai wasu masu tsaki a unguwar ku sake haɗa ta biyu tare.