Musayar Waƙa: Gwaggon Landan Mai Ɓoye Suna

Maijidda: Salamu alaikum. Jigon yau ƙirƙira ce: wata uwargida a Landan, zamanin da Yarima ke riƙe wa ubansa Sarki Joj na Uku gadon sarauta (1811 zuwa 1820). Tana rubuta wa 'yan mata shawara mai tada ƙura, ba ta sa suna. Amsa-amo "ya". Na ari bakinta:

Da rana ni ce mai zuba shayi,
Kai a sunkuye, ana yabon kunya.
Dare ya yi, kyandir da gashin tsuntsu,
In tsoma tawada in faɗi gaskiya.
Yarinya, jar rigar soja kar ta ruɗe ki,
Tambayi bashin cacar da ya bari a baya.
Ranar da aka ɗaura, doka ta ce
Kuɗinki nasa ne, ku biyu kun zama ɗaya.

Malam Na-Ƙofa:
Haba Gwaggo, ki ji tsoron Allah,
Kin koya wa 'ya'yan mutane sakin hanya.
Wata ta karanta ki ta hau keken doki,
Sai Giretna Girin ita da wani ɗan tsiya.
Can maƙeri ke ɗaura aure kan uwar maƙera,
Uba na gida yana nema, uwa ba lafiya.

(Dokar Ingila ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba aure sai da yardar iyaye. Ba ta hau Sikotlan ba, shi ya sa a lokacin ake tsallakawa Giretna Girin, wani ƙauyen Sikotlan da ke bakin iyaka.)

Maijidda:
Malam, sake karantawa, ban ce ta gudu ba,
Gudun dare ai shi ke cinye dukiya.
Wadda ta gudu ba takardar lauya,
Gadonta ya faɗa aljihun ango gaba ɗaya.
Ta zauna a rubuta rabonta tukuna,
Sannan ta so shi har cikin zuciya.

Autar Mama:
Ni Gwaggo tawa tambayar ta rawa ce,
Ran Laraba a Almack's, sau nawa da mutum ɗaya?

(Almack's gidan rawa ne na manyan Landan a wancan zamani.)

Maijidda:
Biyu ta isa, Auta. Kika yi ta uku,
Kafin gari ya waye an kira ki amarya.

Malam Na-Ƙofa:
Zan gano ki! Tawada ba ta ɓuya a yatsa,
Gida gida zan bi in tona ƙarya.

Maijidda:
Fara da yatsun uwargidanka, Malam,
Ita ta kai mini takarda maɗaba'a jiya.