Dillali ya dame ni in sayar da gidan mahaifina, wai unguwarmu ta canja fuska

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Gidan da nake ciki mahaifina ya saya tun ina goye, a wata tsohuwar unguwa da ke gefen birni, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'anta. Masana'antar ta daɗe da rufewa. Tsofaffin da na taso na gani, wasu sun rasu, wasu sun koma wurin 'ya'yansu a sababbin unguwanni. Masu tarewa yanzu baƙi ne, ƙabilarsu daban, wasu ko harshensu ba na ji. A layinmu kaɗai na ƙirga allon "na sayarwa" huɗu. Sau uku wani dillali yana zuwa cikin wata guda, ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna mini gidan da ke kallon nawa, wanda aka yanka ɗaki-ɗaki aka zuba 'yan haya, yana cewa in ban sayar bana ba, baɗi sai dai in bayar kyauta. Ni kuwa ɗaya daga cikin baƙin nan ce ta kwana da ni a asibiti ranar da zazzaɓi ya kama autana. Da gaske ne zuwan baƙi na karya darajar gida?

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki yi wa kanki tambaya ɗaya: gidan da zai zama na banza baɗi, me ya sa mutum yake yi masa sintiri har sau uku? Na yi sana'ar nan, na san dabarar. A biranen Amurka an yi ta sosai a shekarun 1950 da 1960. Dillali zai bi gida-gida yana gaya wa farar fata cewa baƙar fata sun fara shigowa, su tsorata su sayar da araha, shi kuma ya juya ya sayar wa baƙar fatar da tsada, don ba su da wuraren saye da yawa. Riba biyu ke nan a gida ɗaya. Sai da dokar daidaito a harkar gidaje ta 1968 ta haramta hakan. Kada ki sa hannu a komai sai wani mai ƙiyasta gidaje, wanda ba shi da kaso a cinikin, ya duba miki.

Malamin Makaranta:
Yaya, abin da na fahimta shi ne gudun ke karya farashi. Wani masanin tattalin arziki, Thomas Schelling, ya nuna a 1971 cewa ko da kowa na iya zama da baƙo, muddin dai bai zama shi kaɗai ba, tashin mutum ɗaya kan ingiza na kusa da shi, har unguwa ta juye gaba ɗaya. Ki ɗauki garin Ferguson da ke gefen birnin St. Louis a Amurka: a 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na mazaunanta farar fata ne. A ƙidayar 2010 kashi biyu cikin uku baƙar fata ne.

Amma Oak Park, wani gari da ke manne da birnin Chicago, ta ƙi bin wannan hanya. A 1972 suka hana kafa allon sayarwa a ƙofar gida, don allunan su ne ke yaɗa tsoro, irin huɗun nan da kika ƙirga. A 1978 suka fito da wani tsari na biyan mai gida mafi yawan asararsa idan darajar gidansa ta faɗi. Mutane suka natsu suka zauna, kuma har yau gari ne da ake neman gida a cikinsa.

Mai Gyaran Famfo:
Ku yi haƙuri, ni ba zan ce mata komai lafiya ba. Hajiya, gidan nan da ke kallon naki abin damuwa ne, amma laifin mai gidan ne da ya tafi nesa yana karɓar haya ba ya gyara. Gidajen irin wannan unguwa shekararsu ɗaya, don haka tare suke tsufa: rufi, bututun ruwa, wayar lantarki, duk lokaci guda suke neman hannu. Na sha shiga gida in taɓa bututu ya marmashe a hannuna saboda tsatsa. Shi ya kamata ki duba kafin ki duba fuskar maƙwabci. Kuma sau da yawa baƙin su ke raya wuri. Hamtramck da ke tsakiyar birnin Detroit a Amurka, a da garin 'yan Poland ne, masana'antar motar Dodge ta rufe a 1980, mutane suka yi ta watsewa. 'Yan Yaman da Bangladesh ne suka zo suka sayi gidajen, suka sake buɗe shaguna.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dillali, tambayarka ta tsaya mini a rai. Rufin ɗakin baya kuwa tun damina biyu yake yoyo, ina ta sa bokiti. Na kira mai gyara zai zo Asabar. Maƙwabciyata ma ta ce za ta raka ni mu nemo lambar mai gidan hayar, don kwatarsa ta fi damunta fiye da ni.