Kuɗin wata ga kowa ba sharaɗi: shawarwarin da suka fito daga muhawara

Wata muhawara da aka yi kan wannan tsari ta fi zafi a kan tambaya guda: idan gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa kuɗi duk wata, yana aiki ko ba ya yi, mutane ba za su miƙe ƙafa su daina nema ba? Masu goyon baya suka kawo gwajin Finland na 2017 zuwa 2018, inda marasa aikin yi 2,000 suka riƙa karɓar Yuro 560 a wata. Ba su rage neman aiki ba, kuma sun ce hankalinsu ya fi kwanciya. Sai dai an ja kunne kada a ɗora wa gwajin abin da ya fi ƙarfinsa, tunda marasa aiki kaɗai aka ba, kuma na shekara biyu.

Masu adawa kuwa kan kuɗin suka tsaya, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Shawararsu: kafin ka amince, ninka adadin kuɗin da za a ba kowa da yawan jama'a, ka tambayi inda za a samo shi. Jihar Alaska ta Amurka tana raba wa mazaunanta kuɗi duk shekara tun 1982, amma daga ribar asusun man fetur, kuma ba ya riƙe mutum. A Switzerland kusan kashi 77 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun ƙi tsarin a 2016.

Ɓangarorin biyu sun yarda kada a soke tallafin naƙasassu don biyan wannan. Buƙatar mai keken guragu daban take da ta lafiyayyen matashi. An kuma ce a ɗaure adadin da hauhawar farashi, domin kuɗin da Iran ta fara rabawa a 2010 tsadar kaya ta cinye darajarsa.