Wasan jiki da rawa don wayar da kai kan haƙƙin ɗan Adam

Masu shirya wasan kwaikwayo na dandali da suka tattauna wannan batu sun fi nanata abu guda: a ɗauki matsala ɗaya tak, kamar auren dole ko dukan wanda ake tsare da shi. In aka haɗa uku, 'yan kallo kan tafi da kiɗan kawai, saƙon ya ɓace.

Dabarar da suka fi yabawa ita ce ta Augusto Boal, wani mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Brazil. 'Yan wasa huɗu ko biyar su sandare cikin siffar zalunci, babu magana. Sai jagora ya tambayi jama'a me suka gani, ya gayyaci wani ya shigo ya sauya tsayuwarsu zuwa yadda ya kamata. Nan ne gardama ke tashi, kuma ita ake nema, don haka a ba ta lokaci fiye da wasan. Wasan kansa kada ya wuce minti 20.

Kalangu ya tara mutane, amma ya tsaya cak idan an zo gaɓar zaluncin. Shirun ya fi kiɗan tasiri.

Inda aka fi yin kuskure shi ne mai fitowa a azzalumi ya cika barkwanci, jama'a su koma bayansa. Kada kuma a sa wanda abin ya faru da shi ya maimaita shi, ko a kwaikwayi tafiyar wani sananne a gari.

A sanar da mai unguwa tun da wuri, a kauce wa lokutan salla, a share fili saboda masu rawa ba takalmi. A ajiye mutum ɗaya a gefe wanda ya san inda ake kai ƙorafi.